Mai rubuta bayanan likita: ma'aikaci ko ɗan kwangila

Mai rubuta bayanan likita shi ne wanda yake sauraron muryar da likita ya naɗa game da majinyaci, ya mayar da ita rubutu. Yana iya zama ma'aikaci ko ɗan kwangila.

Ma'aikaci

Yana da albashin wata da hutun shekara. A wuraren da dokar fansho ta 2014 ta shafa, wanda ya ɗauke shi aiki yana zuba masa aƙalla kashi 10 cikin ɗari, shi kuma ya zuba kashi 8.

Ɗan kwangila

Ana biyansa gwargwadon layukan da ya rubuta. Yana iya aiki daga gida, ko da a Fakku ta ƙaramar hukumar Kebbe ne, muddin akwai intanet da wuta. Sai dai kwamfuta, haraji da tanadin tsufa suna wuyansa, kuma ranar da ya kwanta ciwo babu biya.

Yadda ake bambancewa

A shari'ar Shena Security da Afropak (2008), Kotun Ƙolin Najeriya ta duba yanayin biya, mai kayan aiki da lokutan aiki. Kare sirrin majinyaci kuwa wajibi ne a kan kowannensu.