Kafin Wuta Ta Zo: Abin da Ke Hana Injin Gas Tashi

Mafi yawan wutar lantarkin da ke kan babban layin Najeriya daga iskar gas ake samar da ita. Tashar Geregu da ke Ajaokuta a jihar Kogi, wadda aka buɗe a 2007, injina uku na kamfanin Siemens ta fara da su. Azura-Edo da ke kusa da Benin, mai ƙarfin megawat 461, ta fara aiki a 2018. Ga Omotosho a Ondo, ga Olorunsogo a Ogun. Duk waɗannan tashoshi suna dogara ne da injin da ake kira tarbain, kuma injiniyoyinsa sun fi zuba masa ido a mintocin farko na tayar da shi, domin a nan ya fi yin gardama.

Injin ba ya iya tayar da kansa. Sanda ɗaya ce ta ratsa shi: a gaba kwamfiresa mai zuƙo iska ta matse ta, a tsakiya ɗakunan da gas ke ci da wuta, a baya fukafukan da zazzafar iska ke juyawa. Kwamfiresar kaɗai tana cinye fiye da rabin ƙarfin da fukafukan ke samarwa. Saboda haka sai an tura shi, kamar motar da batirinta ya mutu, har ya kama. A wasu injinan kamfanin GE wata babbar na'urar juyi ta lantarki da ake kira mota, ko injin dizal, ke wannan turi. A irin na Siemens kuwa, janaretan kansa ake mayarwa mota na ɗan lokaci.

Da farko ana juya injin babu wuta, iska ta share duk wani gas da ya maƙale a hanyar hayaƙi, don kada ya fashe. Sannan a rage gudu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar, fulogi ya ƙyasta, a buɗe bawul ɗin gas kaɗan. In wuta ta kama, sai a ɗan dakata ƙarfe ya ɗumama, sannan a fara ƙara gas. Wajen kashi 60 zuwa 70 na cikakken gudu injin ke iya riƙe kansa, mai turin ya sake shi. Burin shi ne juyi 3,000 a minti ɗaya, adadin da manyan injina ke bukata kafin a haɗa su da layin da ke aiki da haz 50.

Matsalar da ta fi ba ma'aikata ciwon kai ita ce injin ya maƙale a tsakiya. Wuta ta kama, gudu yana hawa, sai ya tsaya cik ya ƙi ƙaruwa, zafin hayaƙi kuma yana ta hauhawa. Wanda ke zaune gaban allon kwamfuta a ɗakin kula yana ganin layuka biyu: na gudu ya kwanta, na zafi ya miƙe. Kwamfutar injin, da ta ga zafin ya kusa iyaka, sai ta rage gas. Rage gas kuma ya ƙara hana injin hawa. Haka zai yi ta ja har lokacin da aka ƙayyade ya cika, ya kashe kansa. Ma'aikata su ce ya yi tirif.

Gogaggen injiniya ba ya garajen sake danna maɓallin tayarwa. Yakan buɗo bayanan da kwamfuta ta adana daƙiƙa bayan daƙiƙa, ya nemi ƙararrawar da ta fara bugawa, domin da zarar injin ya mutu wasu da dama za su biyo baya su rufe ta. Daga nan ya ɗora tashin yau a kan wani tashi na baya da ya tafi lafiya. Inda layukan suka rabu, can laifin yake, kuma da wuya ya wuce ɗaya daga cikin uku: turi, iska ko gas.

In tun kafin a kunna wuta gudun bai kai yadda ya saba ba, to mai turin ne ya gaza. Sau da yawa akwatin mai da ke miƙa ƙarfin motar zuwa sandar injin ne bai cika ba, ko bawul ɗinsa ya ƙi buɗewa sosai, ko wutar da ke ciyar da motar ta yi ƙasa.

Ɓangaren iska ya fi sarƙaƙiya. A bakin kwamfiresa akwai jerin ƙofofin ƙarfe masu juyawa, waɗanda ake tsuke su lokacin tashi, akwai kuma bawul-bawul da ake barinsu a buɗe su zubar da rarar iska. In ɗaya ya kauce daga inda ya kamata, iskar na iya tsayawa ta koma da baya da wata ƙara mai girgiza gini, abin da ke iya karya fukafukai. Ga kuma datti. Ƙurar hunturu tana toshe filtocin da ke tace iska, wadda ta kuɓuce kuma ta haɗu da tururin mai ta manne a fukafukan kwamfiresa. Kwamfiresa mai datti ƙarfi take ci da yawa, iska take bayarwa kaɗan. Shi ya sa ake wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu na musamman, ana juya injin babu wuta.

Gas kuwa, ko dai matsinsa ya yi ƙasa daga bututu, abin da tashoshin Najeriya suka daɗe suna kuka da shi, ko ya zo da ruwa-ruwa a cikinsa. Ɗigon da ya kai ɗakin ƙonawa yakan sa zafi ya yi tsalle farat ɗaya. Wani lokacin kuma kwamfuta tana ganin bawul ya buɗe kashi kaza, alhali na'urar da ke gaya mata matsayinsa ta goce.

Akwai tirif ɗin da injin lafiyarsa ƙalau, mai gadinsa ne ya ruɗe. Idanun da ke hango harshen wuta ta wani ɗan gilashi sukan yi datti ko raɓa, su ce babu wuta, nan take a rufe gas. Waya ɗaya da ta saki a cikin na'urorin auna zafi da ke kewaye da hanyar hayaƙi tana iya nuna wani gefe ya yi sanyi. Amma in na'urori biyu ko uku da ke maƙwabtaka suka nuna sanyi tare, to lallai wani ɗakin ƙonawa bai kama ba, ko bakin da ke fesa masa gas ya toshe.

A nan ne matsin lamba ke shigowa. Gari na cikin duhu, waya na ta bugawa, sai wani ya ba da shawarar a ƙara gas da hannu ko a rufe bakin na'urar da ke ƙara. Fukafukan farko na tarbain suna aiki ne cikin zafin da ya haura digiri 1,000, kuma a ƙaramin gudu babu isasshiyar iskar da za ta sanyaya su. Ƙara gas a wannan hali ƙona su yake yi. Ko tirif ɗin kansa ba kyauta ba ne: a lissafin kula da injina na GE, mutuwar injin farat ɗaya yana ɗauke da cikakken lodi daidai take da tashi takwas wajen cin rayuwar ƙarfe.

Batun zai ƙara shafar Arewa kai tsaye. Maiduguri ta sami tasharta ta gas mai megawat 50 a 2023, bututun da ake kira AKK mai tsawon kilomita 614 kuma an tsara shi ne ya kai gas Abuja, Kaduna da Kano, inda ƙurar hunturu ta fi ta Kudu kauri nesa ba kusa ba.