Salatif: Mita Nawa Muke Biya?

Duk mai ɗaure kwali a kasuwar Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san salatif, wanda da yawanmu ke kira Scotch. Sunan na kamfanin 3M na Amurka ne, inda Richard Drew ya ƙirƙiro irin mai garai-garai a shekarar 1930. Sai dai ba kasafai muke tambayar mita nawa ke cikin naɗin da muka biya ba.

Daga masana'anta salatif yana fitowa ne a ƙaton naɗi, faɗinsa ya kai mita 1 da santimita 28, tsawonsa dubban mitoci. Wasu kamfanoni ke sayen sa, su tsaga shi da inji gida 26, kowane mai faɗin milimita 48, su sake naɗe shi a kan zoben kwali. To, a nan gizo ke saƙar. Ramin zoben yawanci milimita 76 ne, amma kaurinsa sai yadda mai yanka ya ga dama. Zobe mai kauri yana sa naɗi ya cika ido alhali ledar kaɗan ce.

Akwai kuma batun awo. Masu sayar da atamfa sun riga mu sani: yadi bai kai mita ba. Idan an rubuta yadi 100, mita 91 ne da ɗan ɗoriya.

Danƙon ma iri-iri ne. Wanda ake narkawa da zafi kafin a shafa yana kama kwali nan take, amma yakan saki idan rana ta dake shi a saman mota cikin bazara. Na akirilik ba ya saurin kamawa, sai dai ya fi jure rana, abin da ya fi dacewa da mai tura kilishi ko sabulu zuwa Yamai.

Manyan kamfanoni suna gwada shi bisa ƙa'idar duniya: a manna shi a kan farantin ƙarfe, inji ya ɓanɓare shi a hankali yana auna ƙarfin riƙonsa, ko a rataya masa nauyin kilo 1 a ga awa nawa zai yi kafin ya zame. Mu da ba mu da inji, sai mu goge ƙura, mu manna guntu a jikin kwali, mu danna sosai, mu dakata kaɗan sannan mu fizge. Idan ya taho da fatar kwalin, danƙon ya kama. Idan ya fita fes, kada mu sayi katan guda.