Girman Kare da Ƙa'idar Jinsi: Batun Karen Kiwo na Jamus

Ƙa'idar jinsi takarda ce da ƙungiyar masu kiwon karnuka take tsarawa domin bayyana tsayi da nauyi da siffa da halin da ake so ga wani jinsi, kuma da ita alƙalan gasa suke auna kowane kare. Karen kiwo na Jamus, wanda Max von Stephanitz ya kafa ƙungiyarsa a 1899, an ƙayyade tsayin namijinsa daga ƙasa zuwa kafaɗa tsakanin santimita 60 da 65, nauyinsa kuma tsakanin kilo 30 da 40, domin ya iya wuni yana sassarfa bayan tumaki ba tare da ya galabaita ba.

Sai dai masu saye da yawa, musamman a Amurka, sun fi son ƙaton kare mai kwarjini, shi ya sa wasu masu kiwo suke haɗa mafi girma da mafi girma, wani lokaci har da surka jinin wasu jinsuna, kamar yadda aka samar da King Shepherd. Karen ne yake ɗanɗana kuɗar wannan zaɓi, domin nauyi da saurin girma suna tsananta ciwon ƙugu, wato kan ƙashin cinya ya ƙi zama daidai cikin gurbinsa, sannan manyan karnuka masu zurfin ƙirji sun fi fuskantar murɗewar tumbi, wadda takan kashe cikin sa'o'i kaɗan. Gasar ma tana da nata laifin, tunda alƙalanta sun daɗe suna fifita karnuka masu gangararren baya, waɗanda likitocin dabbobi suke kokawa da raunin ƙafafunsu na baya.