Margareth Menezes: Mawaƙiyar Bahia da ta zama minista

Margareth Menezes mawaƙiya ce ƴar ƙasar Brazil, tana tsara waƙa, tana kuma wasan kwaikwayo. An haife ta ran 13 ga watan Oktoba na shekarar 1962 a Salvador, babban birnin jihar Bahia. Kafin mu fahimci aikinta, sai mun san wani abu game da wannan birni.

Salvador na bakin tekun Atlantika. A zamanin cinikin bayi, nan ne jiragen ruwa suke sauke ɗimbin mutanen da aka kamo daga Afirka ta Yamma. A cikinsu akwai Yarabawa da Hausawa. A shekarar 1835 bayi da ƴantattu Musulmi suka yi bore a birnin, amma hukuma ta murƙushe su. Brazil ba ta soke bauta ba sai a 1888. Har yau yawancin mazauna Salvador jikokin ƴan Afirka ne, amma sun daɗe ana mayar da su baya a harkokin mulki da na arziki.

A irin wannan gida na talakawa Margareth ta tashi. Tun tana ƙarama take waƙa a coci. Da ta zama budurwa sai ta shiga wasan kwaikwayo na dandali, kuma a nan ta koyi tsayawa gaban jama'a ba tare da tsoro ba.

A lokacin, matasa baƙaƙen fata sun fara kafa ƙungiyoyin makaɗa domin bikin Kanibal, wanda ake yi kowace shekara a kan tituna. An kafa Ilê Aiyê a 1974, Olodum kuma a 1979. Makaɗan suka haɗa kiɗan samba na Brazil da kiɗan rege na Jamaika, aka sami sabon salo mai suna samba-reggae. Da farko a titi kaɗai ake jin sa.

A shekarar 1987 Margareth ta rera waƙar "Faraó" a faifai. Waƙar Olodum ce, tana magana a kan Fir'aunan Masar, don tuna wa baƙar fata cewa tarihinsu bai fara daga bauta ba. Waƙar ta karɓu ƙwarai, ta kai kiɗan titi cikin gidajen rediyo. Bayan haka mawaƙin nan David Byrne ya gayyace ta suka zagaya ƙasashe tare, sunanta ya fita har Amurka da Turai. Faifanta "Elegibô" ya yi kasuwa a ƙasashen waje a 1990.

Ɗaukaka ba ta sa ta manta da unguwarsu ba. A 2004 ta kafa ƙungiyar Fábrica Cultural a Salvador, inda ake koya wa yara da matasa sana'a da fasaha.

A 2019 gwamnatin Jair Bolsonaro ta rushe Ma'aikatar Al'adu. Da Lula da Silva ya koma mulki a watan Janairun 2023, sai ya maido da ita, ya naɗa Margareth minista. Ba ita ce mawaƙiya ta farko daga Salvador da ta hau wannan kujera ba, domin Gilberto Gil ya riƙe ta daga 2003 zuwa 2008.

Abin lura a nan shi ne, kiɗan da a da ake yi wa kallon hayaniyar talakawa, shi ne ya kai ɗiyar talakawa ga kujerar da ake tsara al'adun ƙasa baki ɗaya.