Gwamnonin Kano a Cikin Tsofaffin Hotuna

 Yau shirin namu zai leƙa tsofaffin hotunan gwamnonin Kano, irin waɗanda ake jerawa a bangon ofis, kowanne cikin firam ɗinsa.

Bangon ofis ba ya nuna bambanci. Wanda ya yi shekara takwas a kan mulki da wanda ya yi wata uku, girman firam ɗinsu ɗaya. Yaron da bai san tarihi ba sai ya ɗauka duk tafiyarsu ɗaya ce, alhali kuwa ba haka ba ne.

Na farko a jerin shi ne Audu Bako, cikin kakinsa na 'yan sanda. Ya zo ne a 1967, shekarar da Janar Yakubu Gowon ya raba Najeriya jihohi goma sha biyu, ya kuma zauna har zuwa 1975. A hoto, fuska kawai za ka gani da hular aiki. Ainihin aikinsa sai ka fita gari: madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, da ta Bagauda, da gidan zu da ke ɗauke da sunansa. Manomin Kura ko Kadawa da ke noman rani da ruwan Tiga yana cin gajiyar shawarar da aka yanke fiye da shekara hamsin da suka wuce. To amma Audu Bako bai yi aikin shi kaɗai ba. A cikin kwamishinoninsa akwai Alhaji Maitama Sule, da Alhaji Aminu Dantata, da Alhaji Tanko Yakasai. Waɗannan sanannu ne, da ka gan su ka gane su. Abin da ya fi damuna shi ne mutanen layin baya a hoton taro: injiniyoyi, sakatarorin dindindin, malaman gona. Suna tsaye a cikin hoton, amma sunansu ya ɓace.

Bayan sojoji biyu, Sani Bello da Ishaya Shekari, kaki ya ba babbar riga wuri. A 1979 Muhammadu Abubakar Rimi ya hau ƙarƙashin jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano, bai ko kai shekara arba'in ba. Ya soke haraji da jangali, abin da talakan ƙauye da Bafulatanin ruga suka daɗe suna kuka da shi. Ya kafa hukumar yaƙi da jahilci, da jaridar Triumph, da gidan talabijin na CTV wanda yau ake kira da sunansa.

A nan ne, masu sauraro, hoto ba tare da kwanan wata ba zai iya ɓatar da mutum. Ka ga Rimi kusa da Malam, kowa na murmushi, sai ka ce lafiya lau aka rabu. Idan hoton na 1979 ne, gaskiya ya faɗa. Ba da daɗewa ba jam'iyyar ta tsage gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo. A watan Yulin 1981 tarzoma ta ɓarke a Kano bayan takardar tuhumar da gwamnati ta aika wa Sarki Ado Bayero, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, Allah ya jiƙansa. Duk wannan ba ya cikin murmushin nan.

Shekarar 1983 kaɗai ta ga gwamna uku. Malam Aminu ya rasu a watan Afrilu. Rimi ya ajiye mulki ya koma jam'iyyar NPP, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin, sannan Sabo Bakin Zuwo ya ci zaɓe, ya hau a watan Oktoba, sojoji suka sauke shi ranar ƙarshe ta Disamba. Daga nan kaki ya dawo. A 1991 aka cire Jigawa daga Kano, don haka hotunan rangadin gwamna a Haɗejiya ko Gumel kafin wannan shekara tarihin jihohi biyu ne a lokaci guda.

Yau waɗannan hotuna suna yawo a Facebook da WhatsApp, kuma sau da yawa wani ne yake laƙaba musu suna da shekarar da ya ga dama. Na asalin kuma suna cikin adaka da ƙasan gado, damshi da gara suna ci. Dattawan da za su iya nuna fuska da yatsa su ce wane ne wannan suna raguwa kullum.

Saboda haka muna roƙon duk mai irin wannan hoto a gida, ya kai shi gaban dattijon da ya ga zamanin, ya tambaye shi su wane ne, ina ne, wace shekara, ya rubuta a bayansa da fensir, domin tawadar biro tana ratsa takarda. Ya ɗauke shi da waya ya adana. In da hali, ya kai kwafi Gidan Makama ko Gidan Mambayya, inda masu bincike za su same shi.