Asirin Kuɗinka a Banki

Uwar adashi ta san mai zubi kan lokaci, ta san mai jan ƙafa. Amma in ta shiga kasuwa tana faɗi, ba wanda zai ƙara ba ta kuɗinshi. Haka banki yake. Ya san sunanka, da lambar tarhonka, da ajiyarka, da bashin da ka ci.

Yau matasa da yawa suna aika kuɗi ta tarho ba fargaba. Amma in an ce banki zai ba wasu labarinsu, sai su ja da baya. Wani yana gudun dangi su san abin da gare shi, roƙo ya yi yawa. Wani ɓarayi yake tsoro. Wannan tsoro ba wauta ba ne.

To, mi doka ta ce? Doka ta tilasta ma ma'aikacin banki ya rufe asirin mai ajiya. Ko wanka ya zo, ba a gaya mashi abin da ke cikin asusunka. Amma in shari'a ta taso, alƙali yana iya tambaya.

Akwai kuma ofishin da ke tara labarin bashi. Ya fara aiki a shekarar 2016, don ƙasashe 8 na Afirka ta Yamma masu kuɗin sefa, har da Nijar. Babban banki BCEAO ke sa mashi ido. Bankuna da asusun bada rance suna aika mashi labarin masu biya da masu ƙin biya.

Saurayin da ba shi da gona ko gida na jingina, biyan da ya yi a baya shi ne shaidarshi. Amma wanda ya ci bashi ya ƙi biya, labarin zai bi shi har wani banki.

A 2017 Nijar ta kafa dokar kare bayanan mutum. Kana da iko ka ga abin da aka rubuta a kanka. In da kuskure, ka ce a gyara.

Yardarka a takarda ake neman ta. Saboda haka kada ka dangwala hannu da sauri. Karanta tukuna. Tambayi: wa za a ba labarina? Don mi? Lambar asirinka kuwa, kada ka gaya ma kowa, ko ya ce daga banki yake kira.

Ga amfanin karatu nan: da, wani ke karanta maka, yanzu kai ne da kanka.