Jami'ar da ta Girmi Ƙasarta: Tarihin Jami'ar Ibrananci ta Birnin Ƙudus

Yadda aka saba gani shi ne ƙasa ta fara tsayawa da ƙafafunta, sannan gwamnati ta ware kuɗi ta gina jami'a. Jami'ar Ibrananci ta Birnin Ƙudus ba haka ta zo ba. An buɗe ta ranar 1 ga Afrilun 1925, shekara 23 kafin a ayyana ƙasar Isra'ila. Lokacin Falasɗinu na hannun Turawan Birtaniya, kuma ƙidayar 1922 ta nuna Yahudawan da ke cikinta ba su wuce 84,000 ba a cikin mutum kusan 757,000. Tsiraru ne, ba su da gwamnati, ba su da baitulmali, amma suka ce sai sun yi jami'a. Wanda ke son gane yadda aka shirya kafa Isra'ila tun kafin a kai ga yaƙin 1948, to tarihin wannan makaranta na cikin wuraren da ya kamata ya leƙa, domin ilimi da siyasa tare aka cuɗa su tun ranar da aka aza tubalinta.

Tushen maganar yana Turai. A 1887 gwamnatin Sarkin Rasha ta ƙayyade yawan 'ya'yan Yahudawan da za a ɗauka a manyan makarantu: kashi 10 cikin ɗari a yankin da aka killace musu, kashi 5 a sauran ƙasar, kashi 3 kacal a Mosko da San Fitasbag. Yaro zai ci jarrabawa fiye da kowa, a ce masa gurbin irinsu ya cika. Masu hali suka riƙa tura 'ya'yansu Jamus da Suwizalan, can ma ba a daɗe ba aka fara ƙorafin sun yi yawa. Wani malamin lissafi a Jami'ar Haidelbag mai suna Hermann Schapira na cikin waɗanda suka fara cewa mafita ita ce su gina tasu, kuma ya kai maganar gaban babban taron farko na ƙungiyar Sahyoniyawa a birnin Basel a 1897. A 1902 wasu samari uku, Chaim Weizmann da Martin Buber da Berthold Feiwel, suka wallafa ɗan littafi da Jamusanci suna zayyana yadda makarantar za ta kasance. Weizmann masanin kimiyyar sinadarai ne, shi ne kuma ya zama shugaban Isra'ila na farko daga baya. A taron ƙungiyar Sahyoniyawa da aka yi a Biyena a 1913 aka tsai da shawara: a Birnin Ƙudus za a gina ta, kuma da Ibrananci za a koyar.

Wannan magana ta harshe ita ce mafi ban mamaki a labarin. Ƙarnoni da dama Ibrananci harshen ibada ne da littattafan malamai. Ana addu'a da shi, ana rubuta fatawa da waƙa da shi, amma uwa ba ta yi wa ɗanta faɗa da shi. Yahudawan Gabashin Turai Yidish suke yi a gida, na ƙasashen Larabawa Larabci, masu boko kuwa Jamusanci ko Rashanci ko Faransanci. Wani mutum mai taurin kai, Eliezer Ben-Yehuda, ya iso Ƙudus a 1881 ya hana a yi wa ɗansa magana da kowane harshe sai Ibrananci, ya ƙarar da rayuwarsa wajen haɗa ƙamus da ƙirƙiro kalmomin abubuwan zamani. Mutane da yawa sun ɗauke shi taɓaɓɓe. A shekarar 1913 ɗin ce rigima ta tashi a Haifa, inda wata ƙungiyar Yahudawan Jamus da ke gina kwalejin fasaha ta Technion ta ce da Jamusanci za a koyar da kimiyya, tun da Ibrananci ba shi da kalmomin aikin injiniya. Hujjarsu ba ta banza ba ce, da gaske ba shi da su. Amma malamai da ɗalibai suka yi yajin aiki, suka fice daga makarantun ƙungiyar, sai da aka janye shawarar. Da aka buɗe jami'ar Ƙudus, farfesoshin da suka zo daga Jamus sai da suka zauna suka koyi harshen da tsufansu, suna shirya lacca da ƙamus a gefe, ɗalibai na gyara musu nahawu. Kalmar da babu, a ƙera ta a yi amfani da ita, in ta karɓu ta zauna. Duk mai cewa harshe kaza bai isa a koyar da kimiyya da shi ba, har da masu faɗin haka game da Hausa, yana da kyau ya san cewa an taɓa faɗa wa Ibrananci wannan magana, alhali a lokacin masu jin sa a matsayin harshen uwa ba su taka kara sun karya ba.

Sai dai kishin harshen ya zo da tsaurin ido. A 1927 da aka kawo shawarar kafa kujerar nazarin Yidish, harshen da miliyoyin Yahudawa ke magana da shi a lokacin, masu kishin Ibrananci suka tada jijiyar wuya har aka bar maganar. Ba a kafa sashen ba sai 1951, bayan 'yan Nazi sun hallaka yawancin masu jin harshen.

Filin da aka samu yana kan Dutsen Sikofus, wanda Larabawa ke kira Jabal al-Masharif, a arewa maso gabashin tsohon gari. Gidan hutun wani lauya ne ɗan Libaful, Sir John Gray Hill, aka saya. Daga can sama ana hango Masallacin Ƙudus ta ɗaya ɓangaren, ta ɗaya kuma hamada har zuwa Tekun Gishiri. Ranar 24 ga Yulin 1918 aka aza harsashi, watanni bakwai bayan Janar Allenby ya karɓe garin daga hannun Turkawa, Yaƙin Duniya na Ɗaya bai ma ƙare ba. An shirya duwatsu 12, adadin ƙabilun Bani Isra'ila. Cikin manyan baƙi har da Muftin Ƙudus na lokacin, Kamil al-Husaini, wan Alhaji Amin al-Husaini wanda ya gaje shi a 1921 ya zama jagoran adawa da Sahyoniyanci.

Kuɗi kuwa bara aka yi. Tafiyar Albert Einstein ta farko zuwa Amurka a 1921, tare da Weizmann, ta neman taimako ce, kuma gina wannan jami'a ne ya sa ya yarda ya bi. A Fabrairun 1923 ya hau dutsen ya ba da lacca kan ka'idarsa ta kimiyyar lissafin sarari da lokaci. Ya buɗe da 'yan kalmomin Ibrananci da aka rubuta masa, ya ci gaba da Faransanci. Shi da Sigmund Freud da Buber duk suna cikin majalisar amintattu ta farko.

Bikin buɗewar 1925 ya nuna abin da ke tafe. Babban baƙo shi ne Lord Balfour, mai wasiƙar nan ta 1917 da ta yi wa Yahudawa alƙawarin matsuguni a Falasɗinu ba tare da an tuntuɓi mazauna ƙasar ba. Yayin da dubban mutane ke tafi a kan dutse, Larabawan gari sun rufe shaguna, sun rataya baƙaƙen tutoci, suna yajin aiki. Da Balfour ya wuce Dimashƙa, zanga-zangar da ta tarbe shi ta sa aka fitar da shi daga garin a gaggauce. Duk da haka gwamnatin Masar ta turo wakili, Ahmad Luɗfi al-Sayyid, shugaban jami'ar Alƙahira, abin da ya jawo masa suka a jaridun Falasɗinawa.

Abin da aka buɗe ɗin bai kai a kira shi jami'a ba in da ma'aunin yau za a auna. Cibiyoyin bincike uku ne: na sinadarai, na nazarin ƙwayoyin cuta, da na ilimin Yahudanci. Digiri na farko sai a 1931 aka ba da shi, ga mutum 13. A cikin gida kuma ba zaman lafiya. Shugaban makarantar, Judah Magnes, limamin Yahudawa ne ɗan Amurka, kuma ta hannunsa kuɗin attajiran Amurka irin su Felix Warburg ke shigowa. Einstein ya ga cewa mutumin da ba masanin kimiyya ba bai kamata ya riƙa naɗa farfesoshi ba, kuma masu kuɗi sun yi wa harkar katutu. Ya yi fushi ya bar majalisar a 1928. Sai da aka kafa kwamitin bincike, aka raba ikon a 1935: harkar karatu ta koma hannun malamai, Magnes ya zama shugaba na girmamawa.

Magnes ɗin nan ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Shi da wasu fitattun malaman jami'ar, irin su Buber da Hugo Bergmann da Ernst Simon, ba su yarda a kafa ƙasar Yahudawa zalla ba. Ra'ayinsu shi ne ƙasa ɗaya ta al'umma biyu, Larabawa da Yahudawa da haƙƙi daidai. 'Yan'uwansu suka kira su maciya amana, ɗalibai masu zafin ra'ayi suka riƙa tarwatsa laccocinsu, a ɓangaren Larabawa ma ba su sami abokan tafiya masu yawa ba. Magnes ya rasu a Niyok a Oktoban 1948, watanni biyar bayan an kafa ƙasar da ya yi ta roƙon kada a kafa ta a wannan siffa. A ganina kuskure ne a ɗauki jami'ar a matsayin baki ɗaya da shugabannin siyasar lokacin, amma kuskure ne kuma a ɗauka waɗannan 'yan tsiraru su ne muryarta. An saurare su, ba a bi su ba.

Akwai wani ɓangare da zai ja hankalin almajiran ilimin Musulunci. A 1926 aka kafa Makarantar Nazarin Gabas ƙarƙashin Josef Horovitz, wanda ya taɓa koyar da Larabci a kwalejin Musulmi ta Aligar a Indiya. Manyan ayyukan da suka sa gaba biyu ne: haɗa fihirisar kalmomin tsoffin waƙoƙin Larabawa, da tace littafin Ansabul Ashraf na al-Balazuri, malamin tarihi na zamanin Abbasiyawa. S. D. Goitein ya fitar da juzu'i na biyar a 1936, kuma masu bincike a ƙasashen Larabawa sun daɗe suna amfani da bugun. A shekarar ce kuma Yosef Rivlin, malami a makarantar, ya wallafa fassarar ma'anonin Alƙur'ani da Ibrananci. Ɗansa Reuven Rivlin ya zama shugaban Isra'ila a 2014. Wasu daga waɗanda suka koyi Larabci a wannan sashe sun zama malamai, wasu kuma jami'an leƙen asiri da masu ba gwamnati shawara kan Larabawa. Duka biyun gaskiya ne.

Abin da ya ɗaga jami'ar da sauri masifa ce. Da Hitila ya hau mulki a 1933 aka kori malaman Yahudawa daga jami'o'in Jamus, Italiya ta bi sahu a 1938. Gobarar Titi ta zama riba ga Ƙudus: masana irin su Giulio Racah na kimiyyar fiziya suka iso, ƙaramar makaranta ta wayi gari da malaman da manyan jami'o'in Turai ke taƙama da su. A 1939 aka buɗe asibitin Hadassah a gefenta.

Yaƙin 1948 ya raba ta da muhallinta. Ranar 13 ga Afrilu, kwana huɗu bayan kisan gillar da mayaƙan Yahudawa suka yi a ƙauyen Deir Yasin, mayaƙan Larabawa suka yi wa ayarin motocin da ke hawa dutsen kwanton ɓauna a unguwar Shaikh Jarrah, aka kashe mutum 78, cikinsu da likitoci da ma'aikatan jinya da malaman jami'a. Da aka tsagaita wuta, dutsen ya zama ɗan tsibirin Isra'ila a tsakiyar yankin da Jodan ke riƙe da shi. Shekara 19 babu mai karatu a can. Duk mako biyu ayari ke hawa da rakiyar Majalisar Ɗinkin Duniya don sauya masu gadi, a hankali ana sauko da littattafan da suka maƙale. Jami'ar ta koma zaman haya a gine-gine barkatai a yammacin gari, har da kwalejin Terra Sancta ta 'yan Katolika, kafin a buɗe sabon matsuguni a Givat Ram a 1958. Bayan yaƙin 1967 ta koma dutsen ta faɗaɗa, kuma a nan wata rigimar ta samo asali: tsohon filin nata ne tun kafin 1948, amma masu suka na cewa wasu gine-ginen da aka ƙara, musamman gidajen kwanan ɗalibai, suna kan filayen da aka ƙwace a Gabashin Ƙudus, yankin da dokar ƙasa da ƙasa ke ɗauka a matsayin wanda aka mamaye.

Ta fuskar ilimi ba a musun inda ta kai. Daniel Kahneman da Robert Aumann, masu lambar Nobel ta tattalin arziki a 2002 da 2005, 'yan gidan ne. Elon Lindenstrauss ya karɓi lambar Fields ta lissafi a 2010. Kamfanin Mobileye, mai na'urar da ke sa mota ta ga hanya, daga binciken wani malaminta ya fito, Intel ta saye shi a 2017 kan dala biliyan 15 da 'yan kai. Takardun Einstein, da ya yi wasiyyar a ba ta duk da tsohuwar rigimarsu, suna can a ajiye.

Rikicin ƙasar kuwa bai taɓa tsayawa a bakin ƙofa ba. A ƙarshen Yulin 2002 bam ya tashi a ɗakin cin abincin ɗalibai ya kashe mutum 9, Hamas ta ɗauki alhaki. Jami'ar na ɗaukar nauyin shirye-shiryen horar da zaɓaɓɓun sojoji, wanda yana cikin manyan hujjojin masu kiran a ƙaurace mata. A lokaci guda ɗaliban Larabawa na ƙaruwa a cikinta, har da 'yan Gabashin Ƙudus da ake fara koya wa Ibrananci shekara guda kafin su shiga aji, wasunsu daga unguwar Isawiyya da ke gindin katangar makarantar, inda samamen 'yan sanda ya zama ruwan dare. A Maris ɗin 2024 hukumar jami'ar ta dakatar da Farfesa Nadera Shalhoub-Kevorkian, Bafalasɗiniya malamar shari'a, saboda kalamanta kan yaƙin Gaza da Sahyoniyanci. Wasu abokan aikinta Yahudawa suka fito suka yi tir da matakin, aka mai da ita bakin aiki, 'yan sanda suka tsare ta na ɗan lokaci a watan Afrilu, kuma kafin shekarar ta ƙare ta bar jami'ar.